Babu Wannan Umarni

Ƙarfe ɗaya da kwata, Adum ta yi barci,
masu yadi sun ja ƙofofinsu na ƙarfe.
Ni kaɗai a hawa na uku,
sai sabar da ke huci cikin kejinta
da na'urar sanyi mai ɗiga a bokiti.

Ran Litinin maigida Agyekum ya ba ni babban mabuɗi.
Ya ce, Fuseini, duba mini hannun kowa.
Bai ce fuska ba. Hannu.
Na buɗe baƙin allo, na tsaga shi huɗu,
ga yatsun mutane suna tafiya a gabana
kamar tururuwa ta ji labarin sukari.

Ban san haka ake sanin mutum ba.
Mumuni ba ya taka ƙafa sai ya tambayi na'ura: ina nake?
Ya matsa kaɗan, ya sake tambaya.
Oforiwaa kuwa direban torotoro ce a Kejetiya,
ba birki, ba waiwaye,
harafi biyu, ta wuce.
Ga Tahiru ɗan koyo,
sau tara yana tuntuɓe a kalma guda,
ya share, ya dawo, ya share,
har na ji leɓena yana motsi
kamar mai kallon dara da aka hana magana.

Kakata a Aboabo takan ce
wanda ya leƙa rijiyar wani
fuskarsa zai fara gani.
Na ce mata a zuci: Hajiya, albashi ne.

Biyu saura minti goma
Oforiwaa ta rubuta umarnin shara,
mai zafin nan, wanda ba ya tambaya ko ka tabbata.
Tsohon kundi guda take nufi.
Amma yatsa ya zame, ya bar fili
tsakanin sanda da suna,
tazarar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.
In ta danna, ba kundi ba ne, gidan ne duka:
lissafin manoman koko,
kuɗin direbobi,
shekara shida na gumin mutane.

Ba ta danna ba tukuna.
Ɗigon yana ƙifta ido a ƙarshen layi.
Ko ɗanta ne ya farka, ko ruwa take sha,
ban sani ba, allo ba ya nuna wannan.

Waya a hannuna.
In na kira, na tona kaina.
In na yi shiru, na tona wa kowa rami.

Na kira.
Kada ki danna, na ce. Dubi bayan sandar.
Sai na ga ɗigon ya ja da baya,
ya haɗiye tazarar.
Ta sauke numfashi, ta ce na gode.
Sannan ta ce, Fuseini,
yaya aka yi ka gani?

Can ƙasa mai gadi ya yi tari.
Bokiti ya karɓi ɗigo uku.
Na ce, aikina ne.
Ta ce, tun yaushe?
Na ce, Litinin.
Ta kashe.

Daren da ya biyo baya yatsunta sun canja.
A hankali, harafi bayan harafi,
kamar mai wanka da ta gano
akwai huda a jikin kwano.
Ta gama abin da ya kawo ta.
Kafin ta fita sai ta rubuta,
da Hausar da ta tsinta wurin masu shinkafa da wake na Asawase:

sannu da aiki fuseini

Na'ura ta amsa mata nan take:
babu wannan umarni.

Ina da amsa, har ta zo bakin yatsa.
Amma tagar da na buɗe
ta kallo ce kawai.